Kunnena a Takardar Aku

Umma ce ta tare ni a bakin ƙofar ɗaki da safe, jakar fenti a kafaɗata, ina fama da igiyar takalmi.

"Juyo nan."

Na juya. Ba ta kalli fuskata ba, ba ta kalli doguwar rigata mai ruwan toka da na sha wahalar gogewa ba. Kunnena na dama ta kalla. Ta sa yatsu ta ja ɗankwalin ƙasa, ta ƙara ja, har sai da na'urar ta yi kukan nan nata, fiiii, wanda take yi in an matse ta.

"Umma, kin danne ta fa."

"Gara ta dannu da a gan ta. Saura kaɗan, Auta. Ki daure min, saura kaɗan."

Bari in yi wa wanda yau ya fara bina bayani. Ni malamar zane ce a wata makarantar firamare mai zaman kanta. Ina ƙarama zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ni, na tashi kunnen hagu ya mutu murus, na dama kuma sai da na'ura, wata 'yar aba mai kalar fata da ke maƙale a bayansa. Da ita ina ji, in ba cikin hayaniya ba, kuma in mai maganar yana kallona, don rabin jina a leɓen mutum yake. Ba ita kuwa, ko tukunya ce ta faɗo a bayana sai dai in ji a tafin ƙafata.

Wannan "saura kaɗan" ta Umma, maganar Dakta ce. Likitan dabbobi ne, dogo, mai yawan barkwanci, motarsa kullum warin maganin shanu. Manyansa sun fara zuwa wajen Baba. Kafin shi an yi wani ma'aikacin banki da magana ta yi nisa, ƙanwarsa ta shigo ɗakina ta tarar ina canza batir, daga ranar ko sallama ban sake samu ba. Tun lokacin Umma ta mayar da kunnena tamkar wani abin sata da aka ɓoye a gidan.

Shi Dakta ya sani, ku riƙe wannan da kyau. A makonmu na farko na cire ta na ɗora masa a tafin hannu, na ce ya gani tun wuri. Ya juya ta, ya juya, sannan ya kalle ni sosai don in ga bakinsa, ya ce, "Shi ke nan? Ni da marasa lafiyata ko magana ba sa yi?" Na yi dariya har da hawaye. Ya ce mahaifiyarsa kuma in bar masa ita. "Na san ta inda ake shigar wa Hajiya." Watanni ke nan yana neman ƙofar.

A mota saƙonsa ya shigo.

"Antin zane, an tashi lafiya? Yau wa za a shafa wa fenti?"

Na rubuta, "Ka yi wa Hajiya maganar?"

Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa.

"Jininta ya hau kwanan nan. Bari ta ɗan samu sauƙi."

"Wancan watan ma jininta ne."

Sai ya turo min hoton wani ɗan maraƙi da aka haifa, jiƙe sharkaf, da alamar zuciya a ƙasa. Jama'a, ku gaya min, me zan yi da maraƙi? Na kife wayar a cinya.

Ina shiga makaranta shugaba ta kira ni ofis. Mace ce mai kirki amma komai nata da sauri, tana magana tana duba takardu, abin da ya fi komai ba ni wahala. Na zagaya na tsaya ta inda zan ga bakinta.

Maganar wata yarinya ce a aji huɗu, wadda muke ce wa Baƙuwa don wannan zangon aka kawo ta. Siririya, mai ƙananan kitso, da na'ura shuɗiya a kowane kunne, a fili, ba abin da ya rufe su. Yara suka sa mata suna Rediyo. In ta wuce su riƙa murɗa yatsa a iska wai suna neman tasha. Sai ta fara cire su tana zubawa a jakar fensir da zarar an sauke ta a ƙofa. Ba ta jin darasi, ba ta amsa kira, makinta ya zube. Uwarta ta zo ta yi kuka a wannan ofishin.

"Ke yara ke so," in ji shugaba. "Ki yi musu wani abu da zanen nan naki a kan masu buƙata ta musamman, su bar wannan rashin tarbiyyar. Ga wannan." Ta miƙo min ƙullin auduga. "Ki toshe musu kunne su yi aiki a haka, su ɗanɗana abin da take ji."

Zuciyata ta ce a'a. Bakina ya ce to. Me zan ce mata? Ta ina na san ba haka abin yake ba? A makarantar nan kaf ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ɗankwalina. Abin da suka sani kawai, Antin zane ba ta ɗaga waya kuma tana da kallon mutum cikin ido.

Ga kuma babbar damuwar. A wannan ajin Aku take. 'Yar yayar Dakta ce, a ɗakin Hajiya take kwana, kuma ba a banza aka sa mata sunan ba. In ƙuda ya faɗa kofin malami da safe, kafin yamma Hajiya ta san kalarsa. Ta hanyarta ma na san kawun nata, ranar da ya zo ɗaukarta.

Ɗakin zane a ƙarshen baranda yake, dogayen tebura, bangon duk hotunan kifi da gidaje masu hayaƙi, a tsakiyar kowane tebur gwangwanin ruwan wanke buroshi. Na raba takardu, na raba audugar, na ce kowa ya toshe kunne ya zana abokin zamansa ba tare da magana ba.

Ko fensir ba su ɗauka ba abin ya lalace.

"Eh? Me ka ce?"

"Ba na jiii! Ƙaro murya!"

Dariya ta ɓarke. Wani yaro a baya ya kama kunnuwansa ya baje su, ya riƙa lanƙwasa harshe yana kwaikwayon yadda Baƙuwa take furta kalmomi. Na buga tebur, na ce a yi shiru, amma ni da kaina na toshe musu kunne, wa zai ji ni? Hayaniyar ta cika min na'ura, komai ya dunƙule ya zama ƙara ɗaya, kaina ya fara sarawa.

Sai na hango Baƙuwa, wadda shugaba ta sa ta mayar da na'urorinta yau. Ta sa hannu biyu ta fizge na'urorin daga kunnenta, ta dunƙule su a hannu ɗaya, ta miƙa hannun saman gwangwanin ruwan fenti.

Ban san yadda na tsallake kujerun ba. Na dai tsinci kaina riƙe da wuyan hannunta, ruwan ƙasa-ƙasa yana kaɗawa a ƙarƙashinsa.

"Ba na so," ta ce, da muryar nan tata mai nauyi. "Ba na son su. Ki sake ni."

Na durƙusa na fara lallashi, sai ta runtse ido. Ku da kuke ji ba za ku gane ba. Irinmu in mun rufe ido, mun rufe ƙofa mun sa sakata ke nan. Duk abin da zan faɗa, da bango nake.

Abu ɗaya ne na san zai buɗe idon nan. Na ɗaga kai, idona ya faɗa cikin na Aku. Ta cire audugarta tuni, ta tallabe haɓa, ta zuba min ido kamar mai kallon talabijin. Na tuna yatsun Umma da safe. Na tuna ma'aikacin banki.

Da hannu ɗaya na zame mayafin, na kwance ɗankwalin, na ajiye a kan tebur. Na taɓa haɓar yarinyar a hankali. Ta buɗe ido ɗaya, a fusace. Na juya mata gefen kaina.

Ta kalli kunnena, ta kalli fuskata, ta sake kallon kunnen. Ta miƙo ɗan yatsa ta taɓa na'urar, kamar tana tsoron zane ne zai goge.

"Ke ma?"

Na gyaɗa kai. "Tun ban kai ki ba."

Ɗakin ya yi tsit, ba tare da na buga komai ba. Daga baya wani ya ce, "Laa, Anti ma rediyo ce!"

"Ni ma," na ce, na miƙe tsaye. "To wa zai fara kirana da sunan? Ga ni."

Ba wanda ya motsa. Na ɗauki kwandon shara na bi tebur tebur. "Ku zuba audugar nan. Kuskure na yi da na ba ku. Ku kun toshe kunne kun yi wasa, in kun gaji ku cire. Mu ba wasa muke ba, kuma ba ma cirewa mu huta."

Tambayoyi suka fara zuwa. Tana ciwo? Ana wanka da ita? Ina jin waƙa? Na amsa duka. Na ce in suna son magana da ni ko da ita, ba ihu ake yi ba, gabanmu ake zuwa, a taɓa kafaɗa, a bari mu ga baki. Na sa su gwada biyu-biyu. Sannan na raba sabbin takardu.

"Yanzu aikin gaske. Kowa ya zana abin da in ba shi, ranarsa ta lalace. In ka ce ba ka da shi, zana na wani da kake so."

Da farko suka yi ta kallon juna. Wani mai tabarau ne ya fara, ya cire ya ajiye a gabansa, sannan ya gane in ya cire ba ya ganin abin da zai zana, aka yi dariya, irin dariyar da ba ta cizo. Wata ta fito da abin shaƙarta na asma daga aljihu. Wani ɗan guntu ya zana kujerar da yake takawa kafin ya kai famfon wanke baki. Yaron da ya yi kwaikwayon nan ya daɗe yana tauna fensir, daga ƙarshe na leƙa na ga ya zana fitila a gefen gado, ya rufe da hannu da ya gan ni. Na wuce.

Baƙuwa ta zana nata manya-manya, sun cika takardar, ta yi musu shuɗi har sau biyu. Wadda ke kusa da ita ta taɓa mata kafaɗa, ta zo gabanta ta ce ta ara mata kalar. Na ga Baƙuwa ta buɗe hannu, ta mayar da na'urorin kunnenta ɗaya bayan ɗaya. Na juya na yi kamar ina gyara buroshi, don kada su ga idona.

Da aka kaɗa ƙararrawa na tsaya a ƙofa ina karɓar takardu don mannawa a bango. Aku ce ta ƙarshe, tata a bayanta.

"Mu gani."

Ta nuna min daga nesa. Ga tabarau, ga sanda mai lanƙwasa, ga kwalaben magani a jere. A gefe kuma ga wata mata mai riga ruwan toka, kai ba ɗankwali, kunne ya kai faranti, da abu a bayansa an zagaye shi da ja.

"Kawo a manna."

"A'a, Anti, wannan na Kaka ne. Kayanta ne ai. Ita zan kai wa."

Zan iya karɓewa. Malama ce ni, in ce doka ce, shi ke nan. Amma Baƙuwa tana tsaye a baranda tana jirana, idonta a bakina. In na fizge takardar nan, me na koya mata yau?

"Ki riƙe da kyau kada ta lanƙwashe," na ce.

Na shige banɗakin malamai na rubuta wa Dakta. "Na cire a gaban aji. Aku ta gani, ta zana, za ta kai wa Hajiya. Ka riga ta. Kana da lokaci kafin a tashi."

Ya karanta nan take.

"Me ya kai ki???"

"Zan maka bayani. Ka je gida yanzu."

"Ina gonar wani, saniya tana naƙuda."

"To ka kira ta."

Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Umma tana tsince shinkafa a kicin na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye farantin, ta zauna a ƙasa dirshan, ta miƙe ƙafa.

"'Yar wasu kika ceta, kika jefa kanki."

"Umma, da kin ga yarinyar..."

"Na ga yarinyar! Ni na goye ta zuwa asibiti, ni na yi ta kiran sunanta ba ta waiwayo ba. Ke ce yarinyar, kada ki gaya min ban gan ta ba." Ta share ido da gefen zani. "Ke kina ganin kunya nake ji da ke? Tsoro nake, Auta. Na ga yadda kika koma wancan karon. Ba zan iya sake gani ba."

Na ɗan zauna kusa da ita, sannan na tashi. Na yi wanka, na sa riga mai ruwan ganye, na ɗaura ɗankwali sama-sama yadda ban taɓa yi ba. Wayar tana hannuna kamar an manna min. Shiru.

Bayan la'asar muna falo, sai na ga Umma ta ɗaga kai ta daskare. Ni ban ji tsayuwar motar ba, a fuskarta na gani.

Hajiya ta shigo da sallama, ita kaɗai, direba a waje. Doguwa ce kamar ɗanta, farin mayafi mai aikin zare a baki, tabarau a karan hanci, sanda mai lanƙwasa a hannun dama. Wallahi Aku ta iya zane. A hannun hagu kuma takardar, a naɗe.

Umma ta rasa inda za ta sa ta. Ta kakkaɓe kujerar da ba ƙura, ta kawo ruwa, ta kawo lemo, ta ƙara fanka, ta rage. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba yabo ba fallasa, ta zauna, ta warware takardar a kan tebur ta danne gefe da kofi.

"Jikata ta tona min asiri yau," ta ce. "Har maganin da nake ɓoyewa a bayan madubi ta zana. To nawa na gane su. Wannan ne ban gane ba." Ta ɗora yatsa a kan jan da'irar.

"Ai Hajiya, yara da shirme," Umma ta yi karaf, tana dariyar da ba ta kai ido ba. "Abin sauraren waya ne, 'yan matan yanzu..."

"Maman Auta, ba wajenki na zo ba." Ta juyo gare ni. "'Yata, ɗage min in gani."

Na ɗage. Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Da shi aka haife ki?"

"A'a, Hajiya. Zazzaɓi ne, ina ƙarama."

"Yanzu kina jina?"

"Ina jinki. In kina kallona na fi ji."

Ta gyara zama ta fuskance ni sosai. A daidai lokacin wayar ta yi rawa a cinyata. Na saci kallo. Dakta.

"Direba ya ce tana gidanku. Don girman Allah ki ce ban sani ba. In ta gane na ɓoye mata, magana ta mutu. Ki ce kunya kika ji. Ni zan nuna na yafe, zan shawo kanta. Ki yarda da ni."

Na karanta, na sake karantawa. Zai yafe. Ni zai yafe wa. Kuma kada ku ɗauka ban ga hikimar ba, na gani. In na bi, wataƙila a yi auren. In shiga gidan a matsayin wadda ta yaudari ɗansu aka yi mata alfarma, in zauna a haka har tsufa.

"Tambaya ɗaya ta kawo ni," in ji Hajiya. "Ciwo na Allah ne, wannan sandar ma ba ni na saya wa kaina ciwon ba. Abin da ba na ɗauka shi ne a mayar da ni sakarya. Shi ɗana ya sani?"

Kafin in buɗe baki Umma ta zube a gabanta.

"Bai sani ba, Hajiya. Laifina ne, ni na hana ta faɗa. Yaron nan ba ruwansa, ita ma ba ruwanta. Ni za ki kama."

Umma ba ta ga saƙon ba. Ita dai ta hango inda za a ceci auren, ta kwanta a wurin don a taka ta a wuce. Na kalli uwata, gwiwa a ƙasa, a falonta, tana ƙarya don wani da ke ɓoye a bayan saniya.

"Umma, tashi," na ce. Na kama ta na ɗaga. Ta matse min hannu har farcenta ya shige ni, tana girgiza min kai.

"Ya sani, Hajiya. Tun makon farko. A hannunsa na ɗora masa ita."

Hajiya ta kalle ni, ta kalli Umma. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta buɗe jaka ta ciro wayarta, ta daɗe tana lalube, sannan ta danna lambar ɗanta ta buɗe murya, ta ajiye a kan zanen, ta turo ta kusa da kunnena na dama.

Bugu ɗaya ya ɗaga.

"Hajiya, wallahi ni ma yanzu nake jin maganar nan. Ban taɓa sanin..."

"Tana gabana," in ji Hajiya. "Tana jinka."

Layin bai katse ba. Sai dai daga can ko numfashi babu. Ni da kullum sai na roƙi mutane su maimaita, wannan karon ban buƙaci a maimaita min komai ba.